Takardar Mai Unguwa Ba Izinin Gini Ba Ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a bakin garinmu, a wata ƙaramar hukuma ta Jihar Jigawa, ina kuma riƙe da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Gini ya kai linta sai wasu ma'aikata suka shafa jan fenti a bango, suka ce in dakata domin ba ni da izini. Dillalin da ya haɗa cinikin ya ce in ba shi wani abu ya kashe maganar. Shanuna na sayar na zuba kuɗin a wurin, yanzu ko barci ba na iya yi. Shin rusawa za a yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin jan fenti gargaɗi ne, ba hukuncin rusau ba. Amma ka sallami magina tun yau, kada a ƙara ko bulo ɗaya, kuma kada ka ba dillalin nan ko sisi.

Kuskuren da ya jefa ka cikin wannan hali shi ne wanda muke fama da shi kullum, wato ɗaukar takardar ciniki a matsayin izinin gini. Takardar da ke hannunka tana nuna cewa wane ya sayar wa wane fili a gaban shaidu, kuma tana da daraja idan rigima ta tashi, amma iyakar aikinta ke nan. Mai unguwa da dagaci iyayen ƙasa ne, sun san gonar kowa da iyakarta, sai dai doka ba ta ba su ikon cewa ga inda titi zai bi ko inda ruwa zai wuce ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar jiha a wuyan gwamna: shi ke ba da haƙƙin mallaka a yankunan da ya ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. Ko takardar shaidar mallaka ta gwamna ka riƙe, sai ka nemi izinin gini daban, domin ita tana magana a kan filin, shi kuwa izini yana magana a kan abin da za ka ɗora a kansa.

Masu awon igiya ne suka dasa wa mutane wannan fahimta. Za su sayi gona, su ja igiya su yanka ta fuloti-fuloti, su bar lungun da ko amalanke ba ta iya juyawa a cikinsa, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, sannan su ce wa mai saye, "Nan ƙauye ne, wa zai tambaye ka?" Ranar da aka zo fitar da hanya ba za ka ga ƙeyarsu ba. Na ga gidajen da aka gina cikin kwarin da ruwa ke bi tun zamanin kakanni, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankunan Ringim da Haɗeja ya san yadda ruwa ke komawa hanyarsa. Wasu sun gina ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, alhali layin 330kV yana buƙatar fili mai faɗin mita 50 babu gini, na 132kV kuma mita 30. Wasu kuma da gangan suke cin taku biyu na hanya, sun manta hadisin da ya ce wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi daga ƙasa bakwai. Ban wanke ma'aikata ba: fayil yakan kwana watanni a kan teburi har sai mai shi ya gaji, kuma wannan jinkiri shi ke ciyar da dillalai. Amma na goron da za ka bayar ba ya canza taswirar gari, wani jami'in zai zo baɗi da fentinsa.

Ka tafi da ƙafarka sashen ƙasa na sakatariyar ƙaramar hukumarku, ka tambayi ko filin yana cikin yankin da Hukumar Raya Birane ta jiha ke kula da shi, kamar yadda hukumar tsara birane ta KNUPDA ke yi a Kano. Ka nemi a ba ka sanarwar dakatarwar a rubuce, da dalilinta. Ka riƙe takardar cinikin, da awon safiyo mai rajista, da zanen ginin. Idan kana da niyyar ɗora bene ko nan gaba, dole injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya fitar da lissafin rodi da harsashi. Duk kuɗin da za ka biya, ka tabbatar an ba ka rasit na gwamnati.

Idan filin bai hau hanya, magudana ko layin wuta ba, galibi akan daidaita takardu, wataƙila da tara, ka ci gaba da aikinka. Idan kuwa ya hau, gara ka ja bango baya yanzu da gini yake linta, kafin ka kashe kuɗin kwano da filasta, sannan ka nemi haƙƙinka wurin wanda ya sayar maka, a gaban shaidun da suka sa hannu, ko a kotu idan sulhu ya gagara.