Ragar ƙarƙashin kwano da gidan tsattsewa

Jiya a wurin aikin Rigachikun ka tambaye ni, ina saman tsani ƙusa cike da bakina, shi ya sa ban amsa ba. Cewa ka yi: "Oga, me ya sa muke ɓata yini guda muna toshe ƙarƙashin kwano da raga don kada tsuntsu ya shiga, amma da na ɗauko sanda zan rushe gidan tsattsewa a zaure ka daka min tsawa?" To zauna, ɗana.

Iyakar da nake kiyayewa silin ce. Duk abin da zai kwana tsakanin kwano da silin matsalarmu ce, don ranar da ya fara wari, kafinta za a kira, kafinta za a zaga. Hasbiya ce ta fi yawan shiga. Tsinke biyar ko shida take jerawa a kan katako ta ce ta yi gida, ta saka ƙwai biyu, amma kashinta yakan taru har ya jiƙa silin ya yi taswira. Sai mujiya, farar nan mai faffaɗar fuska. Takan haɗiye ɓera ɗungurungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule, su yi ta taruwa a kusurwa. 'Ya'yanta kuwa da dare huci suke yi kamar maciji, mutanen gida su ce aljanu ne. An sha kirana bayan an riga an kira mai ruƙiyya.

Da mujiyar nan na koyi hankali. Ina kamar shekarunka, maigidana ya tura ni wani gida a Birnin Yero in toshe kafa. Na buga katako na sauko, ban leƙa ciki ba. Ashe akwai 'ya'ya huɗu. Uwar ta kwana uku tana zagaya rufin tana ihu, bayan mako kuma ɗakin ya ƙi shiguwa. Da kuɗina na sake silin biyu, kuma har yau kukan nan bai bar kunnena ba. Saboda haka kafin ka buga ƙusar ƙarshe, ka hau da tocila ka duba kowane lungu. In ka tarar da ƙwai ko 'ya'ya, ka gaya wa mai gida a jira su tashi. Manomin da ya san ɓarnar ɓera a rumbu ba zai yi maka gardama ba.

Raga kuma muke sawa, ba siminti ba, domin rufi yana bukatar iska. Ka liƙe shi ruf, zafin Maris da Afrilu ya mai da ɗakin tanda. In ka je kasuwar Panteka ka nemi mai ido rabin inci. Mai faɗi gwara na wucewa, jemage ma haka.

Ita tsattsewa a fili take, a zaure ko baranda, inda ido ke ganinta. Laka take ɗebowa da baki, ɗigo-ɗigo, ta manna a jikin katako har ya zama ɗan ƙoƙo, aikin kwanaki. Ba ta cin katako, ba ta taɓa hatsi, ƙwari take kamawa a iska. Laifinta kashi ne kawai, maganinsa kuma guntun falanki da za ka buga ƙarƙashin gidan ya tare. Minti biyar. Sau da yawa takan dawo wuri guda wata shekarar, tsofaffin gidan kuma sun saba da ita fiye da yadda suka saba da kai.

Akwai wani aikin da zai zo maka nan gaba. Mai gida zai ce kowace asuba ana ƙwanƙwasa masa taga, ya buɗe ba kowa. In gilashin tagar mai kama da madubi ne, tsuntsu ne, wani lokaci cilakowa. Kansa yake gani a ciki ya ɗauka kishiya ce, ya yi ta sara har ya gaji. Ka sa raga ta waje, magana ta ƙare.

Ka kuma riƙa ɗaga kai kana kallon tsamiya da kuka na bakin gari. Ranar da ka ga shamuwa ta sauka tana jan kirare, damina ta matso, kuma iskar ruwan farko ita ce mai yaye kwano. Duk rufin da muka buɗe sai mu rufe shi a wannan makon. Na ga guda biyu shekaranjiya a hanyar Zariya, don haka gobe da sassafe ka zo da guduma biyu da ƙusar kwano.