Ɗan sanda ya miƙa wa dangin budurwata tsohon fayil ɗina

Barista, salamu alaikum. Ina gyaran waya a Kubwa. A 2021 na sayi waya hannun wani yaro, ashe ta sata ce. Na kwana biyu a caji ofis, aka ɗauki hotona da tambarin yatsuna, aka kai ni kotun majistare. Mai ƙara ya daina zuwa, alƙali ya kori ƙarar. Bana magabatana suka kai gaisuwa gidan wata yarinya, sai kawunta ya sa abokinsa ɗan sanda ya bincika ni. Ya turo masa hoton nan da takardar kamun ta WhatsApp, yanzu an ce a dakata da maganar aure. Na san tunda kotu ta wanke ni dole a goge sunana. Ina so a ɗaure ɗan sandan, shi da kawun su biya ni diyyar naira miliyan 20.

Wa alaikumus salam. Malam, abin da aka yi maka bai dace ba, kuma ban ga laifinka ba don ranka ya ɓaci. Sai dai kafin ka kashe ko kwabo, akwai abubuwan da ka ɗauka doka ce alhali ba haka suke ba. Bisa abin da ka faɗa kawai nake magana, ban ga takarda ko ɗaya ba.

Mu fara da wankewa. Korar ƙara don mai ƙara bai zo ba daban, wanke mutum bayan an saurari shaidu daban. A irin naka yawanci sallama ce. Wannan bai rage maka komai ba, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma babu hukunci a kanka. Amma sai na ga abin da alƙalin ya rubuta kafin in sa wa abin suna.

Batun gogewa kuwa, nan ka fi yin nisa da doka. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda muke kira ACJA, ita da kanta ta wajabta wa 'yan sanda a sashe na 15 su rubuta bayanan wanda suka kama: suna, adireshi, laifin da ake zargi, hoto da tambarin yatsu. Sashe na 16 ya kafa babbar rajistar laifuka ta ƙasa, da rassa a rundunar kowace jiha da ta Abuja. Sallamar kotu ba ta share wannan kai tsaye. Kana iya neman a gyara ko a goge, amma nema daban samu daban, za su ce maka doka ce ta sa su ajiye.

Haƙƙinka yana wani wuri. Ajiye fayil halas ne, fitar da shi don binciken aure ne babu wanda ya ba shi izini. Binciken mai neman aure al'adarmu ce, addini ma bai hana ba. Kawu na da damar ya tambayi limamin unguwarku, maƙwabta da abokan sana'arka. Fayil ɗin 'yan sanda ba ya cikin wannan. An bai wa jami'i damar taɓa shi don aikin laifi ne kaɗai, ba don ya yi wa aboki alfarma ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta yi wa hukumomin tsaro sassauci, gaskiya ne, amma sassaucin na hana laifi da bincikensa da gurfanarwa ne. A fahimtata neman aure bai shiga ko ɗaya ba, ko da yake dokar sabuwa ce, kada ka ɗauka kowane alƙali zai karanta ta yadda na karanta.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne rabin labari jami'in ya aika. Sashe na 16 ɗin nan na ACJA ya ce a kai sakamakon shari'a rajista cikin kwana 30. Wanda ya iya zaƙulo hoton kamu ya san akwai tambayar "yaya aka ƙare?", bai damu ya yi ta ba.

Ɗauri fa? Kada ka sa rai. Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 5 ga mai shiga kwamfuta ba izini, amma ya ɗaure laifin da niyyar zamba da bayanan da suka shafi tsaron ƙasa. Da wuya naka ya shiga. Wataƙila ma ba kwamfuta ya taɓa ba, fayil mai ƙura ya jawo daga kabad ya ɗauka da wayarsa. Gurfanarwa kuma ba a hannunka take ba. Abin da ya fi kusa shi ne ladabtarwa: tona sirrin aiki laifi ne a ƙa'idojin 'yan sanda, hukuncinsa na iya kamawa daga gargaɗi zuwa rage girma ko kora, gwargwadon abin da aka tabbatar.

Tabbatarwar ce matsala. Hoton da ya zo maka ya bi ta hannu nawa? Saƙon asali yana wayar kawun, kuma ban ga alamar zai shaidi abokinsa ba. Ka adana abin da ka samu da ranarsa da lambar da ta turo. Kada ka sa sunan jami'in a Facebook, mai ƙara zai iya komawa wanda ake ƙara.

Ƙarar kawu kan ɓata suna ban ba ka shawara ba. Idan cewa ya yi an taɓa kama ka, gaskiya ya faɗa, gaskiya kuma kariya ce. Idan ya ce an ɗaure ka ko ya kira ka ɓarawo a gaban mutane, wannan wata magana ce. Ko da haka, ranar da sammaci ya shiga gidan nan, ranar aka binne auren.

Jami'in da rundunar kana iya kai su Babbar Kotu kan take haƙƙinka. Ka sani dai dokar kare jami'an gwamnati tana ba da wata 3 kacal ga wasu ƙararraki. Ƙa'idojin kotu na 2009 kan shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam sun cire ta daga irin wannan wa'adi, amma ni ba na son jinkiri ya zama abin jayayya. Adadin diyya alƙali ke yankewa, kuma karɓo kuɗi daga asusun hukuma sai da amincewar Antoni Janar. Miliyan 20 ka cire ta daga lissafin aurenka.

Da ni ne kai, gobe zan je rajistar kotun in karɓi kwafin hukunci mai hatimi, in nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Sai baffanka da wani dattijo da gidan ke jin nauyinsa su kai wa mahaifin yarinyar, su nemi a goge hoton daga wayoyin dangi. Ta bakinsu kuma a nemi jami'in ya ba da haƙuri a rubuce. Idan ya yi taurin kai, lauyanka ya rubuta koke ga Kwamishinan 'yan sandan Abuja, da kwafi ga sashen karɓar koke na shedkwata a Louis Edet House, da hukumar kula da ayyukan 'yan sanda, da hukumar kare bayanai ta ƙasa. Babbar Kotun Abuja ma tana da cibiyar sulhu idan zaman gida ya ci tura.

Kada wannan ya wuce mako uku. Idan ka karɓo kwafin, turo min shafin ƙarshe in ga ko sallama alƙalin ya rubuta ko wankewa.