Amsa ga mai tambaya a kan bikin Samhain na ƙasar Ayilan

'Yar'uwa, kin tambaya ko bikin Samhain da abokiyar aikinki ta gayyace ki shi ne Halloween, bikin da yara suke shigar ban tsoro suna bi gida-gida karɓar alewa, kuma ko shi ne bikin girbin masu addinin gargajiya na Turai. Na daɗe ina zaune a ƙasar nan, na kuma halarci taron da kaina, saboda haka zan gaya miki abin da na gani.

Ana rubuta sunan Samhain amma ana furta shi "Sawin", kuma har yau da shi ake kiran watan Nuwamba a harshen mutanen Ayilan. Yana farawa da faɗuwar ranar 31 ga Oktoba. A da, wannan ne lokacin da ake gangaro da shanu daga makiyayar tuddai, a yanka waɗanda ba za a iya ciyar da su cikin hunturu ba, kuma duk amfanin gonar da ya kwana a fili bayan daren an ɗauka ya lalace, domin sun yi imani cewa wani aljani mai suna Puka yana bi yana tofa masa yawu. Da farko na zaci zan tarar da irin kakarmu ta gida, ta kalankuwa da dambe da farin wata, sai na ga ba haka ba ne. Mu muna murnar cikar rumbu, su kuwa suna sallama da haske ne, domin a ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa a Dublin, babban birnin ƙasar, wajen ƙarfe 5 na yamma, kuma duhun ƙaruwa yake yi har ƙarshen Disamba. Wannan ne ya sa wuta da tuna matattu suka fi hatsi yawa a cikin bikin.

Inda na je shi ne tudun Tlachtga, kusa da garin Athboy a gundumar Meath, inda jama'a suke hawa cikin dare riƙe da fitilu, ana kiɗa, ana ba da labarin matar da aka sa wa tudun sunanta, sannan a kunna babbar wuta. Za ki ji ana cewa a da akan kashe kowane murhu a ƙasar a sake kunna shi daga wutar wannan tudu. Labarin ya fito ne daga Geoffrey Keating, marubucin ƙarni na 17, wanda ya rayu fiye da shekara dubu bayan zuwan Kiristanci, don haka ni ina ɗaukarsa a matsayin labarin kaka da kakanni.

Halloween kuwa reshe ne da ya tsiro daga haɗuwar wannan al'ada da idin waliyyai na coci na 1 ga Nuwamba. 'Yan gudun yunwar da ta fara a Ayilan a 1845 sun tafi da al'adar Amurka, inda kabewa ta maye gurbin wata saiwa mai tauri da ake fafewa a sa kyandir a ciki.

Abin da ya kamata ki bincika shi ne ko abokiyar taki tana cikin masu raya addinin gargajiya a yau, kamar mabiya Wicca, tafarkin da Gerald Gardner ya bayyana a Ingila a shekarun 1950. Bukukuwansu takwas ne a shekara, uku na girbi: Lughnasadh a farkon Agusta, Mabon wajen 22 ga Satumba lokacin da dare da yini suke daidaita, sai Samhain. A wurinsu ibada ce. Wata maƙwabciyata da take cikinsu takan jera hotunan mamatanta da kyandirori, ta ajiye kujera da faranti ga wanda ya rasu, a ci abincin dare shiru babu mai magana. Ta gayyace ni, na gaya mata cewa ni Musulma ce, zan zo gaisuwa amma ba zan shiga da'irar da suke yi don kiran abin bautarsu ba, kuma ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Na ci burodinsu mai zabibi da ake kira barmbrack, wanda ake ɓoye zobe a ciki, wai wanda ya dace da shi zai yi aure kafin shekara ta zagayo. Sai dai ki tambaya kafin ki ci, domin wasu suna jiƙa zabibin da barasa maimakon ruwan shayi.

Idan tudun za ku je, ki sa takalmin roba da rigar ruwa, domin gonar kiwo ce, kuma taɓon wurin ya cinye mini takalmi guda a zuwana na farko.