Tambaya da Amsa: Me soyayyiyar ukwa take ƙara wa jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Onica. Maƙwabtana Ibo suna yawan cin wasu ƙananan 'ya'yan itace soyayyu da suke kira ukwa, suna haɗawa da kwakwa. Na ɗanɗana na ji daɗi. Mece ce ita, kuma tana da amfani a jiki ko abin motsa baki ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abinci ce ta gaske. Ukwa ƙwaya ce da ake cirowa daga 'ya'yan wata babbar bishiya ta dazuzzukan kudu, wadda masana tsirrai ke kira Treculia africana, dangin ɓaure ce. Yarabawa suna ce mata afon. Ɗanta ɗaya yakan kai nauyin kilo da dama, ba a tsinko shi, jira ake ya faɗo da kansa. Sai a tara a bar shi kwanaki ya ruɓe ya yi laushi, a murtsuke, a wanke ƙwayoyin da ruwa mai yawa har yauƙin ya fita. Wannan wahalar ce ta sa take da tsada ko a garuruwan da take fitowa.

A busasshiyar ukwa giram 100, fiye da rabi sitaci ne mai ba da ƙarfi. Furotin, wato sinadarin gina jiki, yana kamawa daga giram 13 zuwa wajen 20, gwargwadon irin bishiyar da yadda aka sarrafa. Mai kuma giram 10 ne ko sama da haka kaɗan. Idan ka ajiye ta kusa da abin da muka saba, za ka fi gane matsayinta: gyaɗa tana da furotin wajen giram 25 da mai kusan giram 49, wake kuma furotin wajen giram 23 da mai da bai wuce giram 2 ba. Wajen mai, ukwa tana tsakaninsu. Ba ta kai su furotin ba, amma ta ninka rogo da doya sau da yawa, kuma man da ke cikinta bai kai rabin na gyaɗa ba. Tana kuma ɗauke da ma'adinai irin su fotasiyam, fosfaras, maganiziyam da ɗan sinadarin ƙarfe.

Cikin tafin hannu ɗaya, wato kimanin giram 30, zai ba ka kalori wajen 120 da furotin kusan giram 5. Ga mai yini a shago, wannan ya fi biskit da lemon kwalba nesa ba kusa ba, domin tana riƙe ciki. Abin lura shi ne kwakwar da ake haɗa ta da ita, musamman ƙwarar kwakwar manja, mai ne sosai. Mai son rage ƙiba ya taƙaita kwakwar.

Tambaya: Na sayo ɗanyar ukwa a Sabon Garin Kano. Da na soya, rabi ya ƙone, rabi bai soyu ba. Ina kuskuren yake? Kuma suya tana kashe amfaninta?

Amsa: Hajiya, matsalar ba ta wuce abu uku: danshi, wuta mai ƙarfi, ko cika kasko. Ƙwayar da ba ta bushe ba takan turara a ciki yayin da bayanta ke ƙonewa. Ki tsince tsakuwa da ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka huje, ki shanya ta a faranti yini ɗaya idan kin ji sanyin danshi a hannu. Da ɓawonta ake soyawa, shi ne ke kare ƙwayar daga zafi kai tsaye.

Ki sa yashi mai tsabta a kasko ya yi zafi, kamar yadda ake suyar gyaɗa, sannan ki zuba ukwar, yashi kofi biyu ga ukwa kofi ɗaya. Wuta matsakaiciya, hannu kuma kada ya bar juyawa. Cikin minti 15 zuwa 25 ɓawon zai fara tsagewa, ƙanshi ya tashi. Ki ɗauki ƙwaya biyu ki fasa: idan ciki ya yi ruwan ƙasa mai haske har tsakiya, ta yi, idan tsakiyar fari ce mai taushi, da saura. Ki sauke da ɗan wuri, domin zafin yashin yana ci gaba da aiki. Ki rairaye, ki baza ta huce, sannan ki murza da kwalba a kan tire a hankali, ki bakace ɓawon.

Game da amfaninta, suya tana ƙara shi ne idan an yi daidai. Ɗanyar ukwa tana da wasu sinadarai da ke hana jiki narkar da furotin yadda ya kamata, irin waɗanda ke cikin ɗanyen wake, kuma zafi yana karya su. Don haka ba a cin ta ɗanya, wadda ba ta soyu ba kuma takan kumbura ciki. Ma'adinai irin su fotasiyam da ƙarfe wuta ba ta lalata su. Abin da ake asara shi ne wani ɓangare na bitamin B1, da kuma ingancin furotin idan aka bari ta yi baƙi. Wadda ta ƙone ta yi ɗaci, a zubar.

Idan fatenta za ki yi, kada ki cika kanwa don ta yi saurin nuna. Kanwa mai yawa tana kashe bitamin B1. Jiƙa busasshiyar ukwa ta kwana a ruwa yana rage lokacin dahuwa sosai.

Tambaya: An ce tana maganin ciwon suga. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, Malam, ba magani ba ce, kuma kada ka ajiye maganin asibiti saboda ita. Fiye da rabinta sitaci ne, za ta ɗaga suga idan aka ci da yawa. Mai ciwon suga zai iya cin tafin hannu ɗaya a madadin wani abin motsa bakin, ya gwada jininsa bayan awa 2 ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Mai ciwon ƙoda da likita ya hana abinci mai fotasiyam ya tambayi likitansa tukuna.

Tambaya: Zan iya ba yarona ɗan shekara 2? Kuma kwana nawa take yi a ajiye?

Amsa: Ƙanwata, kada ki ba shi ƙwayar a yadda take. Ƙarama ce mai tauri, tana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba. Ki niƙa ta yi laushi, ki tankaɗe, ki sa cokali ɗaya zuwa biyu a kofin kunun gero ko na masara tun yana kan wuta. Ki fara da kaɗan na kwana biyu ko uku, ki lura ko fatarsa za ta yi ƙuraje ko cikinsa ya ɓaci.

Wajen ajiya, sai ta huce sarai kafin a rufe ta, domin gumin da ke taruwa a leda shi ne ke jawo fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba mai cutar da hanta wadda sake suya ba ya kashewa. Kwalba busasshiya mai murfi, nesa da rana, za ta riƙe ta mako biyu zuwa uku. Da damina ki rage. Garin ya fi ƙwayar saurin lalacewa, don haka ki niƙa na mako ɗaya kawai. Idan kin ji warin tsohon mai ko maƙaƙi a maƙogwaro, man cikinta ya lalace, kada a ci.