Shurin Bindiga da Tsamin Kafaɗa: Amsa ga Sabon Maharbi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ranar Asabar ka harba harsashi 75 a filin harbin faifai, wato faifan yumɓu da inji ke cillawa sama a harbe shi, washegari ka tashi jini ya kwanta a saman damtsenka har sa riga ya gagare ka, kana tambaya ko ka sayi riga mai katifa a kafaɗa, ko kuwa ka daure har jiki ya saba.

Wurin da jinin ya kwanta ya riga ya faɗa mini abin da ya faru. Damtse ba mazaunin gindin bindiga ba ne. Ka ɗaga gwiwar hannunka na dama, ka sa yatsun hagu ka laluba tsakanin gaɓar kafaɗa da ƙirji, ƙasa da ƙashin nan da ya gitta daga wuya. Za ka ji wani ɗan kwari mai tsoka. Nan ne gindin zai zauna, gaba ɗayansa, ba gefensa ba, kuma ya zauna daram tun kafin yatsa ya taɓa kunama. Idan ka bar rata, ko da ta kai kaurin yatsa ɗaya ce, bindigar za ta yi gudu a cikin ratar nan kafin ta same ka, sai abin da ya kamata ya zama turi ya koma naushi. Na lura da kai sau biyu kana ɗage kunci daga jikin katako don ka leƙa faifai, kana kuma jingina baya kamar mai gudun hayaƙi. Ka manna kunci, ka ɗan rusuna gaba, nauyinka ya fi yawa a kan ƙafar gaba, domin jiki duka ya shanye shurin maimakon gaɓa ɗaya.

Shurin kansa ba ya ɓacewa, lissafi ne. Harsashin da ka saya yana ɗauke da darma giram 28, tana fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, bindigar kuma nauyinta wajen kilo uku da rabi ne, saboda haka tana komowa kanka da gudun da ya haura mita 3 a daƙiƙa. Mafarautanmu na gida sun san wannan ba tare da alƙalami ba, domin duk wanda ya cika wa bindigar toka albarushi ya san kafaɗarsa ce za ta biya. Ka koma harsashi mai giram 24, ko ma 21 a watannin farko. Kada ka ji kunyar hakan: a gasar Olamfik ba a yarda a wuce giram 24 ba, kuma da shi suke farfasa faifan da faɗinsa santimita 11 ne kawai yana tsere a sama. Haka nan kada wani ya ruɗe ka da cewa ƙaramar bindiga mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 sauƙi (lambar awon faɗin bakin bindiga ce), domin rashin nauyinta kan sa ta yi shuri daidai da babbar idan harsashin ɗaya ne.

Batun daurewa kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kafaɗar da ta sha duka tana koya wa mutum zabura, sai ka ga yana runtse ido yana noƙe kafaɗa, bakin bindiga ya sunkuya kafin harbin ya tashi, shi kuma bai san yana yi ba. Na taɓa sa wa wani ɗalibi harsashin gwaji marar albarushi ba da saninsa ba. Da ya ja kunama, bindigar ba ta ce uffan ba, amma shi sai da ya yi tangal-tangal gaba. Mun ɗauki watanni kafin mu raba shi da wannan ɗabi'a. Ƙara ma tana haddasa ta, don haka ka toshe kunne da kyau.

Rigar mai katifa tana taimakawa kaɗan, sai dai tana ƙara wa bindiga tsawo a jikinka, kuma ina zargin gindin taka ya riga ya yi maka tsawo, shi ya sa yake zamewa zuwa damtse. Ka bari in auna tukuna.

A yanzu ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka riƙa ɗorawa na minti 15, ka huta har tsamin ya tafi. Idan hannun yana mutuwa, ko bayan mako guda ba ka iya ɗaga shi sama da kai, likita za ka gani, ba ni ba. Da ka warware, ka riƙa tsayawa gaban madubi da bindigar da ka tabbatar babu komai a cikinta, kana ɗaga ta zuwa kunci da kafaɗa sau 20 kowane dare. In ka dawo fili, zagaye ɗaya za mu yi, faifai 25, ka zo da rigar da ka saba harbi da ita domin awon ya yi daidai.