Likita, shayin rage ƙiba yana aiki kuwa?

Tambaya: Salam likita, ni matar aure ce a Tudun Wada Zariya, tun haihuwata ta uku nake ta ƙiba, yanzu kilo 96 ne tsawona mita 1.6, gwiwoyina ciwo, ko tsakar gida na share sai haki. Wata maƙwabciyata tace in sayi shayin rage tumbi. In saya?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki riƙe kuɗinki, yawancin shayin nan zawo da fitsari suke sa mutum, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Ma'aunin BMI ɗinki, wato awon nauyin mutum idan an kwatanta da tsawonsa, ya kai 37, kuma daga 30 ake kiranta ƙiba mai haɗari, don haka ki fara zuwa asibitin Shika a duba miki suga da hawan jini. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da ciwon suga da suka nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin ya ragu da kashi 58. Ke kusan kilo 7 kenan fa, ba wai sai kin koma kamar budurwa ba. Lemon kwalba ki bari, furar ma a daina zuba mata suga cokali uku, malmalar tuwon dare ɗaya ta isa, miyar ganye ki ƙara.