Amsa ga mai shirin jarrabawar Form 5 a Civil Air Patrol

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da lasisin tuƙin jirgin sama na ƙashin kai, yawancin awanninka a ƙaramin jirgi Cessna 172 ka tara su, ka shiga Civil Air Patrol, an sa maka ranar Form 5, wato jarrabawar tuƙi ta ƙungiyar, a Cessna 182, kana neman ta inda za ka fara. Na daɗe ina tuƙa wa ƙungiyar nan, kuma shawarata ita ce ka fi ba da ƙarfi a kan abin da ake yi kafin a tayar da inji.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ƙungiya ce ta 'yan sa-kai da aka kafa a Amurka ranar 1 ga Disamba 1941, a 1948 kuma doka ta mayar da ita mataimakiyar rundunar sojan sama. Aikinta neman jirgin da ya ɓace, ɗaukar hoto bayan ambaliya ko guguwa, da horar da matasa. Form 5 kuwa kowace shekara ake sabunta ta, ko awa dubu nawa mutum yake da su.

Mai jarrabawar ya riga ya san FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ta ba ka lasisi. Abin da yake nema shi ne ko za a iya damƙa maka jirgin da ba naka ba, da yaran mutane 'yan kadet, da abokan aiki biyu da idonsu ke ƙasa suna bincike, sun bar maka rayukansu. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar, CAPR 70-1, ta fi ta FAA tsauri a wurare da dama, kuma a nan ake kama sababbin shiga. FAA ta yarda da rarar mai ta minti 30 da rana, 45 da dare, idan da ido ake tafiya. Mu kuwa awa ɗaya cur za ka tsara ya rage a tanki lokacin sauka. Ba ka tashi sai ka shigar da tafiyar a WMIRS, shafin ƙungiyar na rajistar tafiye-tafiye, ka cike takardar auna haɗari, jami'in sallamar jirgi ya sallame ka. Ranar jarrabawa ma haka, kuma da kayan ƙungiya a jikinka. Ka karanta ƙa'idar nan daga farko har ƙarshe, ka yi jarrabawarta ta intanet, ka loda lasisinka da takardar likita a eServices, shafin 'yan ƙungiyar na intanet, tun da sauran lokaci, don wani ne zai duba ya amince, shi ma ɗan sa-kai ne mai aikinsa da iyalinsa.

Sai takardar tambayoyi a kan jirgin. Don Allah kar ka kwafi ta wani. Ka je filin, ka buɗe littafin wannan jirgin mai wannan lambar, domin nauyinsa ba kowa a ciki ya bambanta da na ɗan'uwansa saboda rediyoyi da kayan aikin da aka ƙara masa. Ga irin tambayar da ake so: samfurin Cessna 182T na iya tashi da laba 3,100, amma ba ya sauka da fiye da 2,950. Bambancin laba 150 ke nan, galan 25 na mai, kusan tafiyar awa biyu. To ka cika tanki galan 87, ka ɗauki ƙarti biyu da jakunkuna, minti ashirin da tashi ɗaya ya ce cikinsa ya juya a sauke shi. Me za ka yi? Wanda ya zauna ya yi lissafin nan da fensir ba ya rikicewa, kuma zai gane dalilin da ya sa a wurare da yawa ba a cika tankin jiragen ƙungiyar har baki. Ka kuma iya nuna masa a takardun jirgin ranar binciken shekara, na awa 100, da na na'urar kiran agaji, ba tare da ka yi ta fatali da shafuka ba.

A sama, ma'aunin shi ne wanda ka sani tun jarrabawar lasisi. Juyi mai kaifi a digiri 45, kada ka hau ko ka sauka fiye da ƙafa 100, gudu kada ya kauce da fiye da not 10 (not ma'aunin gudun jirgi ne). Za a kuma gwada ka a kan tafiya a hankali, sitol (lokacin da fuka-fuki suka kasa ɗaukar jirgin), mutuwar inji, da sauka a gajeren titi. Sai dai 182 ba 172 ba ne da aka ƙara wa jiki. Ƙarfin doki 230 ne, don haka sai malami ya sa maka hannu a littafin awanninka na jirgi mai ƙarfi fiye da 200. Akwai maɓallin farfela mai shuɗin kai, akwai ƙofofin sanyaya inji da za ka riƙa buɗewa da rufewa, kuma wurin tashi ƙafarka ta dama za ta yi aiki sosai.

Inda ya fi ba mutane wahala shi ne sauka. Hancinsa nauyi gare shi, musamman ku biyu a gaba baya ba kowa. Ka cire wuta gaba ɗaya da filaf, wato marafan bayan fuka-fuki, a ƙasa, sai ka ji sitiyari ya yi tauri a hannu, hancin na neman faɗuwa. Wanda bai yi tirim ba, wato saitin da ke rage nauyin sitiyari a hannu, tayar gaba ce za ta fara dukan titi, jirgin ya yi tsalle, ya sake dukan, kuma haka ake lanƙwasa bangon da ke tsakanin inji da matuƙi. Ka yi tirim tun kana gangarowa har jirgin ya riƙe gudunsa da yatsu biyu, ka janye wuta a hankali, ka ci gaba da jan sitiyari bayan tayoyin baya sun taɓa. In ya yi tsalle, ka ba shi wuta ka tafi ka kewayo. Fasa sauka a kan lokaci abin yabo ne a wurin mai jarrabawa. Dagewa a kan saukar da ta lalace ce ke kayar da mutum.

In jirgin mai allunan lantarki na Garmin G1000 ne, ka yi tsammanin mai jarrabawar zai dushe maka allo ɗaya, ko ya ce ka nuna duk hanyoyin kashe otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta. Ka zauna da na'urar a ƙasa har yatsunka su san hanya, don idonka ya zauna a waje lokacin tuƙi.

Ka nemi malamin ƙungiya ku tashi tare kafin ranar, a wannan jirgin, ka roƙe shi ya matsa maka. Ka kira mai jarrabawar tun saura mako, ka tambaye shi tafiyar da yake so ka tsara da nauyinsa don lissafi. Ranar kuma, ku yi magana a fili kan wanda ke da alhakin jirgin, da yadda za ku miƙa wa juna sitiyari. In ka wayi gari iska na kaɗawa ta gefe kusa da iyakar da aka yarda, ko ba ka yi barci ba, ko kana azumi ka ji jikinka ya yi sanyi, ka ɗaga waya ka ce a ɗage. Za a sa wata rana. Ka faɗa mana jihar da kake da irin 182 ɗin da kuke da shi, sai in turo maka abin da ya shafi wannan samfurin. Allah ya ba da sa'a.